Kafin Ka Rubuta Rayuwar Wani: Darasi Daga Zaman Baba Mutuniyar Karo

A ƙarshen shekarar 1949, a garin Giwa ta ƙasar Zazzau, wata tsohuwa da ta haura shekara saba'in ta fara zama da wata Baturiya mai suna Mary Smith. Tsohuwar tana ba da labari, Baturiyar tana rubutawa da hannu, da Hausa, yadda maganar ta fito daga bakin mai ita. Sun shafe kusan mako shida a haka. Sunan tsohuwar Baba, an haife ta wajajen 1877 a Karo, wani ɗan ƙauye kusa da Zarewa, a kan iyakar ƙasar Kano da ta Zazzau. Ba ta riƙe sarauta ba, ba ta tara dukiya ba. Ta yi aure huɗu, Allah bai ba ta haihuwa ba, sai 'ya'yan riƙo. Ta rasu a 1951, littafin da ya ɗauki labarinta, Baba of Karo, ya fito a Landan a 1954. Har yau duk wanda yake son sanin yadda mace Bahaushiya ta rayu kafin zuwan Turawa da bayan zuwansu, sai ya bi ta kan wannan littafi: zaman rinji da bayi, harin da ake kama mutane a sayar dangi su tara wuri su fanso su, ƙawance, zaman kishi, bori, saki da kome.

Yadda zaman ya samo asali ma abin lura ne. Mijin Mary, M. G. Smith, shi ne aka turo binciken al'umma a ƙasar Zazzau. Amma namiji ne, iyakarsa zaure. Rabin rayuwar gari tana can cikin gidajen da ba a shiga, sai matarsa ta shiga da Hausar da ta koya, ta zauna a kan tabarma.

Na kawo wannan ne saboda wani abu da ya daɗe yana damuna. Je ka kantin littattafai a Kano ko Kaduna ko Sakkwato ka nemi tarihin rayuwar mutane. Za ka samu, da yawa ma. Sai dai mafi yawansu na masu mulki ne da masu kuɗi, an rubuta su don ranar ƙaddamarwa, kuma duk tafiyarsu ɗaya: an haife shi a gidan mutunci, tun yana yaro aka ga alamun shugabanci a tare da shi, bai taɓa faɗa da kowa ba, bai taɓa faɗuwa ba. Ka karanta shafi ɗari uku ka rufe ba ka sadu da ɗan Adam ba. Maroƙi ba ya ɓoye sana'arsa, kowa ya san kirari yake yi, kuma kirari fasaha ce mai daraja a wurinta. Abin da ba daidai ba shi ne a yi kirari a lulluɓe shi da rigar tarihi, domin jikokinmu za su ɗauka abin da ya faru ke nan. Matasa da yawa yanzu suna son rubuta labaran gaskiya game da mutane, a jarida, a Facebook, a rediyo, a littafi. Idan abin da suka tarar ke nan a matsayin abin koyi, to za su ɗauka yabo shi ne aikin.

Aikin yana farawa ne da zama, kuma zama shi ne abin da ya fi wuyar koyo ga mai waya a hannu. Bahaushe ba ya buɗe cikinsa a haɗuwar farko. Ranar farko ta gaisuwa ce: ina gajiya, ina iyali, wane ne mahaifinka, wa ya turo ka. Dattijon yana auna ka ne, kuma yana da gaskiyar yin haka. Abin da zai ba ka a ranar shi ne labarin da ya saba bayarwa, wanda ya goge saboda yawan maimaitawa, wanda 'ya'yansa ma sun haddace. Sai a zama na uku ko na huɗu, bayan ka ci tuwon gidan, ka raka shi masallaci, ka zo ranar da ba ka da tambaya ko ɗaya, sannan wata magana za ta fito wadda shi kansa bai shirya faɗinta ba. Da Mary Smith ta je wa Baba da takardar tambayoyi ta yini guda, da abin da za ta samo bai wuce jerin al'adun aure da suna ba.

Sannan akwai kunya da kara, waɗanda littattafan koyar da aikin jarida da aka rubuta a wasu ƙasashe ba su san da su ba. Tsohuwa ba za ta faɗi sunan mijinta ba, sai dai ta ce Malam ko mai gidan. Ba za ta kama sunan ɗanta na fari ba, wataƙila ma ta yi ta labarin sauran 'ya'yan ta tsallake shi, mai bincike marar sani ya rubuta cewa ba ta damu da shi ba, alhali shi ne sanyin idonta. Ba a tambayar mutum 'ya'yansa nawa kai tsaye, balle shanunsa. Ba a ce wa dattijo "Yaya ka ji a ranka?", zai ce maka "Alhamdu lillahi" ya yi shiru, kuma ka rufe ƙofar da kanka. Tambayar da take buɗe baki ita ce ta abu: "Baba, ranar da kuka bar garin, me kuka ɗauka?" "Inna, wa ya yi miki rakiya?" "A ina kuka kwana?" Mutum yana lissafa tabarma da buta da ɗan akwatin ƙarfe, sai ka ga hawaye sun zo da kansu, ba ka nema ba. Sunaye ma suna magana ga mai kunne. In an ce maka sunanta Gambo, ka san tagwaye take bi. Tanko ya zo ne bayan mata, Kande bayan maza, Ɗan'azumi kuwa ya riga ya gaya maka watan haihuwarsa. Kowanne ƙofa ce ta wata tambayar.

Ni namiji ne, na kuma san iyakata. Akwai labaran da ba zan taɓa ji ba ko da na shekara a zaure. Mata marubuta da suka cika kasuwar littattafan Hausa tun daga shekarun 1980 sun riga sun ƙware wajen riƙe mai karatu, kuma su ne ke iya shiga har ƙuryar ɗaki. Da wasu daga cikinsu za su juya alƙalaminsu ga ungozomomi, masu kitso, masu dakau da tsofaffin malaman makarantun allo mata, da mun sami Baba ɗari, a rubuce da hannun 'ya'yan gida.

To amma sauraro rabin aiki ne. Mutum yana iya gaya maka abin da ba haka yake ba, ba tare da ya yi ƙarya ba. Tunani yana haɗa shekaru biyu su zama ɗaya, yana ɗauko abin da aka ba ka labari ya mayar da shi abin da ka gani. A nan ba ma buƙatar aron hanya daga nesa, domin malamanmu na hadisi sun shimfiɗa ta tun fiye da shekara dubu. Ba su karɓar magana sai sun tambayi isnadinta: wa ya gaya maka, shi kuma wa ya gaya masa, sun haɗu kuwa, yaya haddarsa take? Imamu Muslim ya kawo a gabatarwar littafinsa cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Marubucin labarin gaskiya ya kamata ya rataya wannan a gaban teburinsa. A cikin kundin bincikenka, kowace magana ta sami alama: wannan ya gani da idonsa, wannan ji ya yi, wannan kuwa zato ne. "Na gani" daban, "an ce" daban, kuma mai karatu yana da haƙƙin sanin wanne kake ba shi.

Wurin da aka fi zamewa shi ne shekaru. Tsofaffinmu ba da lamba suke ƙirga zamani ba, da aukuwa suke yi. Za a ce maka an haife shi shekarar Kakalaba, wato yunwar 1914, ko lokacin 'Yar Buhu ta 1927, ko 'Yar Gusau ta 1942. Wani ya ce ya yi aure shekarar zuwan Sarauniya, 1956, wani ya ce bayan rasuwar Sardauna, 1966, wani ya ce shekarar canjin hannu, 1972, lokacin da motoci suka koma bin dama. Wannan ƙirga tana da ƙarfi ƙwarai, sau da yawa ta fi takardar shaidar haihuwar da aka yanka a kotu daga baya inganci. Amma tana da tarko, kuma na taɓa faɗawa.

Na yi zama da wani dattijo, tsohon ɗan kasuwar shanu, a wani gari na kan iyakar Katsina da Nijar. A da yana da garke da yara masu kora, daga baya ya koma ba shi da komai sai gonar gado. Ya ce mini karayarsa ta zo ne shekarar canjin kuɗi. Ban sake tambaya ba, na rubuta 1973, shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo. Abin ya zauna mini daidai, domin a wannan shekarar ce fari ya ƙarar da dabbobi a Sahel. Na gina sakin layi guda mai daɗin karatu a kan yadda fari ya cinye dukiyar bawan Allah. Sai a wani zaman, uwargidansa tana daga bayan labule ta ce, "Ai shekarar nan nake yaye auta." Autan kuwa yana zaune tare da mu, kuma ko kusa bai kai shekarun wanda aka yaye a 1973 ba. Ashe canjin kuɗin 1984 yake nufi, lokacin da gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta sauya launin takardun naira a ƙarshen watan Afrilu, ta ba da 'yan kwanaki ƙalilan a kai tsofaffi banki, ta kuma rufe iyakoki. Shi yana tsallake da jakar kuɗin cinikinsa. Kafin ya sami hanyar dawowa, abin da ke cikin jakar ya zama takarda. Dubi girman kuskuren: ba shekara goma sha ɗaya kawai na ɓatar ba, dalilin karayar mutumin gaba ɗaya na sauya. Na ɗora wa fari abin da hukuncin gwamnati ya jawo. Tun daga ranar, in an ce mini canjin kuɗi sai na ce, "Wanne daga ciki?" In an ce shekarar fari, sai na tambayi wa ke sarauta, wa aka haifa, nawa ake sayar da tiya.

Bayan baki sai takarda. Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna tana ɗauke da fayilolin Razdan da Di'o, rahotannin kimanta haraji na gundumomi da takardun En'e. Gidan Arewa, wanda aka kafa a 1970 a tsohon gidan Sardauna, yana da tarin takardu da rubuce-rubucen ajami da na Larabci. Akwai Gidan Ɗan Hausa a Kano, akwai hukumar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, akwai cibiyar binciken tarihi da rayuwar al'umma ta IRSH a Yamai. Tsofaffin bugun Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939, taska ce ta farashin kaya, naɗe-naɗen sarauta da wasiƙun masu karatu. Sai dai kada ɗalibi ya ɗauka duk abin da aka buga da tafireta gaskiya ne tsantsa. Baturen da ya rubuta rahoton yana magana ne ta bakin tafinta, kuma ya zo ne ƙirga kawunan da za su biya haraji da shanun da za a karɓi jangalinsu. Mutanen da ke gabansa suna da kyakkyawan dalilin ɓoye masa gaskiya. Takarda ma mai ruwaya ce, ita ma a tambayi isnadinta. Kuma kada a raina takardun cikin gida: rasiɗin haraji a ƙasan adaka, fasfon aikin hajji, bayan Alƙur'ani inda malam ya rubuta ranar haihuwar 'ya'yansa, hoton da mai hoto ya buga wa hatimi a baya.

In an zo rubutu, jarrabawa ɗaya ce take jiran kowa: sha'awar cike gurbi. Ka san an yi tafiyar, ba ka san ko an yi ruwa ranar ba, sai alƙalami ya ce maka sa hadari, zai fi daɗi. Ka san sun yi sa-in-sa, ba ka san kalmomin ba, sai ka ƙirƙiro musu zance ka sa a baka. Da ka yi haka ka tashi daga labarin gaskiya ka koma ƙagaggen labari, kuma mai karatu bai san ka sauya hanya ba. A Amurka, a 1981, an ba wata 'yar jaridar Washington Post mai suna Janet Cooke lambar yabo ta Pulitzer saboda labarin wani yaro ɗan shekara takwas mai shan ƙwaya. Cikin 'yan kwanaki aka gano babu yaron, aka mayar da lambar. Nata ya fito fili ne saboda girmansa. Ƙananan ƙirƙire-ƙirƙiren da ba a kamawa su ne suka fi yawa, kuma su ne suke cin amincin sana'ar a hankali. Daɗin labarin gaskiya yana zuwa ne daga yawan abin da ka tono, har ya zama kana da zaɓi. In kana son hadari a shafinka, koma ka tambaya ko an yi ruwa. Ka kuma bar wa mutum harshensa. In Bakatsine ne ko Basakkwace ko Ba'are, kada ka goge maganarsa ta koma Hausar labaran rediyo. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Akwai tambayar da ta fi duk waɗannan nauyi, ita ce ta mallaka. Ɗorugu yaro ne daga ƙasar Damagaram da aka kama bawa, aka 'yanta shi a Barno, ya bi matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth har Tambutu, sannan ya isa Ingila a 1855. A can ya ba wani ɗan mishan, J. F. Schön, labarin rayuwarsa da Hausa, har da abin da ya gani na ɗabi'un Turawa a teburin cin abincinsu. Labarin ya fito a cikin Magana Hausa a 1885, kuma sunan da ke bangon littafin na Schön ne. Ɗorugu ya dawo gida, ya rasu a Kano a 1912. Baba ta fi shi sa'a, sunanta ne sunan littafin. Duk da haka ta rasu ba ta gan shi ba, kuma da Turanci ya fara zagaya duniya, harshen da ba ta ji. Ba na faɗin wannan don rage darajar aikin da aka yi, ba don su ba da muryoyin nan biyu sun bi iska. Ina faɗi ne don marubucin yau ya san cewa shi ne yake tafiya da suna da lambar yabo da gayyatar taro, mai labarin kuwa yana nan inda aka bar shi, tare da maƙwabtan da za su karanta.

Wannan ya fi tsanani ga waɗanda bala'i ya taɓa. Matar da ta kuɓuto daga hannun 'yan bindiga a Zamfara, ko yarinyar da ke sansanin gudun hijira a Maiduguri, za ta iya cewa "to" don kawai ta ga baƙo da abin ɗaukar magana, tana zaton taimako ne ya zo. Wannan "to" ɗin ba yarda ba ce. Yarda ita ce ka bayyana mata da harshenta inda labarin zai je, cewa in ya hau intanet ba ya saukowa, cewa dangin mijin da za ta aura wata rana za su iya gani. In ta ce a sakaya sunanta, ba suna kaɗai ake sakayawa ba, har da unguwa da sana'ar uba da duk abin da ɗan garin zai gane ta da shi, sannan ka gaya wa mai karatu cewa ka sakaya.

Sai batun giba da matattu. Addini ya hana cin naman ɗan'uwa, ya hana bin diddigin asirin mutane, ya hana zagin waɗanda suka rasu. Wasu suna fakewa da wannan su ce ke nan tarihi sai yabo. Ban yarda ba. Malaman hadisin da suka fi mu tsoron Allah sun rubuta littattafai cur a kan cewa wane mai mantuwa ne, wane maƙaryaci ne, domin amanar ilimi ta buƙaci haka, kuma Imamu Nawawi ya lissafa wuraren da ambaton aibin mutum yake halatta. Ma'aunin da nake bi shi ne wannan: abin da mutum ya yi da amanar jama'a, a kan kujerar mulki ko da dukiyar al'umma, haƙƙin jama'a ne su sani, yana raye ko ya mutu, matuƙar an tabbatar da shi kuma an nemi jin ta bakin ɓangarensa. Abin da ya faru a cikin ɗakin talaka kuwa nasa ne, sai abin da ya ba ka. Tsakanin waɗannan biyun akwai fili mai faɗi da babu doka a rubuce, kowane labari da irin hukuncinsa.

Da na gyara labarin dattijon nan mai shanu, na koma garin na karanta masa shi a zaure bayan la'asar, tun daga farko har ƙarshe. Ban je don ya ba ni izinin faɗin abin da ya faru a 1984 ba, wannan ya riga ya tabbata. Na je ne don ya ji yadda rayuwarsa ta koma a hannuna kafin baƙi su ji. Ya saurara ido a rufe. Ya gyara mini sunan wata kasuwa. Da na zo wurin da ya ba ni labarin yadda ya je wa ƙanensa neman jari bayan karayar, ƙanen ya shige gida ya bar shi tsaye a ƙofa, sai ya ɗaga hannu.

"Ɗan nan, wannan wurin cire shi."

Na ce, "Baba, ai kai ka gaya mini, kuma haka aka yi."

Ya ce, "Haka aka yi. Amma ya riga mu gidan gaskiya, kuma 'yarsa tana ɗakin ɗana. Kai na gaya wa, ban gaya wa duniya ba."

Shi ne wurin da ya fi kowane ƙarfi a rubutun, na kwana biyu ina jujjuya shi a raina. Ƙanen bai riƙe amanar jama'a ba, kuma karayar dattijon tana tsaye da ƙafarta ko babu shi. Na cire. Da na sake komawa na gaya masa, sai ya ce to akwai abin da ban sa ba: wani mahauci da ya ba shi bashin ɗan maraƙi guda ba tare da shaida ba, ya ce ya biya in ya samu. Ya sa na buɗe kundina a nan take, ya faɗi sunan mahaucin da na mahaifinsa, ya jira har na rubuta, sannan ya ce in karanta masa ya ji ko na rubuta daidai.